Ɗan dakon teku da ya koma marubuci: tarihin Joseph Conrad

 Wannan shi ne shirinmu na tarihi da ya gabata, mun sa shi a takarda saboda waɗanda ya wuce su suna daji da bisashe, da waɗanda layin bakin iyaka ya riƙe. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Mutumin da za mu yi magana a kansa Bature ne, bai taɓa kiwo ba, bai kuma taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma sana'arsa ta farko ka san ta sarai, mai karatu, domin dako ce. Kayan wani, a cikin jirgin wani, a kai wa wani. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan aiki a kan teku kafin ya ajiye ya ɗauki alƙalami, kuma yawancin abin da ya rubuta daga baya a kan tambaya guda yake yawo: in aka danƙa maka amanar dukiya ko ta rayuka, aka yi nisa da gida, ba mai ganinka, sai tsoro ko kwaɗayi ya zo, me za ka yi?

An haife shi ranar 3 ga Disamba 1857 a garin Berdychiv, wanda yau yake cikin Yukren. Cikakken sunansa Józef Teodor Konrad Korzeniowski. Iyayensa 'yan Polan ne, sai dai a lokacin babu wata ƙasa mai suna Polan a taswira. Tun 1795 Rasha da Ostiriya da Farusiya suka gama raba ta kamar naman watanda, kowa ya ja kasonsa, su kuwa danginsa suka faɗa hannun Rasha. Ubansa Apollo marubucin waƙoƙi ne, mai fassara littattafai, kuma yana cikin masu shirya yi wa Rasha bore. A 1861 aka kama shi a Warsaw, a 1862 aka kore shi zuwa Vologda, can arewacin Rasha inda sanyi ke kisa. Matarsa da ɗan yaron suka bi shi. Tarin fuka ya ɗauke uwar a 1865, ya dawo ya ɗauke uban a 1869. Yaro yana da shekara goma sha ɗaya ya zama maraya gaba da baya.

Kawunsa Tadeusz Bobrowski ne ya riƙe shi. Wannan dattijo irin mutanen nan ne da ba sa wasa da lissafi. Littafi ya buɗe musamman, duk abin da ya kashe wa ɗan 'yar'uwarsa sai ya rubuta. Kuma ya sha rubutu, domin yaron hannunsa ba ya riƙe kuɗi.

A watan Oktoba 1874, yana ɗan shekara goma sha shida, ya hau jirgin ƙasa zuwa Marseille a kudancin Faransa, wai shi aikin jirgin ruwa zai yi. Dangi suka yi ta mamaki, don gidansu masu gonaki ne, teku kuwa tana nesa da su. Amma akwai dalili a ƙasa. Ɗan wanda gwamnati ta ɗaure saboda siyasa ne, in ya koma ƙasar Rasha aikin soja na shekaru masu yawa ke jiransa. Ya yi tafiye-tafiye zuwa tsibiran Karibiyan a jiragen Faransa. Daga baya shi da bakinsa ya ce har fasa-ƙwaurin bindigogi ya yi zuwa Sifen, ko da yake masu binciken tarihinsa da yawa na ganin ya ƙara wa labarin gishiri.

Takarda ce ta kashe masa wannan hanya. Hukumar Faransa ta ce tunda shi talakan Rasha ne, ba zai ci gaba da aiki a jiragensu ba sai da izinin ofishin jakadancin Rasha, izinin da ba zai samu ba. Kai da ka taɓa kwana uku a gaban duwan ko kwastan saboda hatimi guda, ba sai na yi maka bayanin zafin wannan ba. Ga bashi ya taru. Ya ranto kuɗi wajen wani abokinsa, ya tafi Monte Carlo ya zuba a caca, suka tafi. A farkon 1878 ya ɗauki bindiga ya harbi kansa a ƙirji. Harsashin ya wuce ta gefen zuciya, da yake da sauran shan ruwa. Kawu ya taso takanas ya biya basussukan, sannan don a rufa asiri aka riƙa gaya wa mutane wai a faɗan mutunci da wani aka ji masa rauni.

Su Ingilishi ba su cika tambayar takardun baƙo ba in yana son aikin jirgi. Ya shiga wani jirginsu mai suna Mavis, a watan Yuni 1878 ya sauka a Lowestoft, a gabar Ingila. Yana da shekara ashirin, Turancinsa bai wuce 'yan kalmomi ba. A bakin ma'aikatan wani ƙaramin jirgin dakon kwal da kuma cikin jaridu ya koye shi, kamar dai yadda da yawanmu suka tsinci Zabarmanci ko Yarabanci a tasha. Shi ne harshensa na uku, bayan na Polan da Faransanci. Har ya mutu in ya buɗe baki an san baƙo ne, wani lokaci ma da ƙyar ake gane abin da yake faɗa. Amma da wannan harshe na aro ya rubuta littattafan da ake karantar da 'ya'yan masu harshen a jami'o'insu.

Daga nan sai hawa matakala. Ya ci jarrabawar mataimaki na biyu a 1880. Ta mataimaki na farko da ta kyaftin kuwa duk sai da ya faɗi kafin ya ci. A 1886 ya samu abu biyu da ya daɗe yana nema: takardar zama ɗan ƙasar Birtaniya, da takardar shaidar kyaftin.

A tsakanin nan ne ya shiga wani tsohon jirgi mai suna Palestine, wanda ya ɗauko kwal daga Ingila zai kai Bangkok. Jirgin nan rarake ne. Ya yi wata da watanni ana gyaransa a tashar Falmouth kafin ya iya fita. Da suka kusa isa, a watan Maris 1883, sai kwal ɗin ya kama wuta da kansa a cikin jirgi, ya yi ta ci a ƙasa har ya fashe. Suka sauka cikin ƙananan kwale-kwale suka tuƙa zuwa Muntok, a tsibirin Bangka na Indunusiya ta yanzu. Tafiyar awa goma sha ce da 'yan kai. Da ya zo mai da ita labari a cikin Youth, sai ta koma ta kwana da kwanaki. Ka san halin matafiyi in ya dawo zango.

To, a tashoshin gabas na wancan lokaci akwai wani labari da ma'aikatan jirgi ba sa gajiya da yi, kuma ina so ka tsaya ka ji shi da kyau. A watan Yuli 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya tashi daga Singafo, ya biya ta Penang, ɗauke da maniyyata sama da 900, maza da mata da yara, za su sauke farali. Kyaftin da manyan ma'aikatansa Turawa ne. A hanya guguwa ta dame su, tukunyar inji ta goce daga mazauninta, ruwa ya fara shiga. Kusa da gabar Somaliya, cikin dare, kyaftin Clark da matarsa da wasu ma'aikata suka sauke kwale-kwalen ceto suka tsere, suka bar bayin Allah a kan ruwa. Wani jirgi ya tsince su ya kai su Aden. Can suka ba da rahoto cewa jirgi ya nutse, kowa ya halaka.

Washegari sai ga Jeddah ana janye da shi zuwa cikin tashar Aden, alhazai a tsaye a kai. Wani jirgi mai suna Antenor ne ya gamu da su. Su maniyyatan nan da aka bari su mutu, su suka yi ta kwarfar ruwa har taimako ya zo. Aka zauna bincike. Hukuncin kyaftin? An dakatar da takardarsa shekara uku. Shi ke nan fa.

Shekara ashirin bayan haka, a 1900, Conrad ya fitar da Lord Jim. Ya sauya wa jirgin suna zuwa Patna, kuma bai damu da kyaftin ba, wanda ya nuna shi a matsayin ɗan iska tun asali. Ya sa idonsa a kan mataimaki, saurayi mai suna Jim, ɗan gidan mutunci, wanda kullum yake mafarkin ranar da zai nuna jarumtaka. Ranar ta zo, ya tsaya yana kallon mutum ɗari takwas suna barci, sai kawai ya ga kansa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwale-kwalen masu gudu. Sauran suka zille wa shari'a, shi kaɗai ya tsaya aka ƙwace takardarsa. Daga nan ya riƙa gudu daga tasha zuwa tasha, duk inda aka gane shi sai ya ƙara gaba. Makiyayin da aka ba kiwon shanun mutane, ɓarayi suka fito ya ruga, sai da safe garke ya dawo gida da kansa ba tare da shi ba, wannan makiyayi ya san ciwon Jim fiye da malamin jami'a. A ganina wannan ne littafinsa mafi kyau. Amma lura da abu guda, don za mu dawo kansa: alhazan nan ɗari takwas, kusan ba a jin muryarsu a littafin. Kaya ne da aka ɗauko.

Mu koma kan rayuwarsa. A 1887 ya yi aiki a Vidar, ƙaramin jirgin fatauci mallakar wani Balarabe na Singafo, mai shiga kogunan Borneo yana sayen kayan daji. A kogin Berau ya haɗu da wani wakilin kamfani mai suna Olmeijer, mutum mai manyan buruka da ƙaramin ciniki. Shi ne daga baya ya zama Almayer na littafinsa na farko. A 1888 aka ba shi kyaftin na Otago a Bangkok, ya yi jigila tsakanin Ostireliya da tsibirin Mauritius, inda ake ɗauko sukari. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya riƙe shi. Shi ne kaɗai jirgin teku da ya taɓa shugabanta.

Me ya sa mai takardar kyaftin zai rasa jirgi? Zamani ne ya juya. Shi ya koyi aiki a jiragen da iska ke turawa, masu manyan ƙyallaye. Tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869, jirage masu inji suka fara cinye kasuwa. Guda ɗaya na ɗaukar kayan jirage da yawa, don haka kyaftin ɗaya ake bukata inda da ake neman biyar. Abin da babbar mota ta yi wa madugu da ayarin raƙumansa ke nan. In aka tara kwanakin da Conrad ya yi a kan ruwa cikin shekara goma sha taran nan, ba su fi shekara takwas da kaɗan ba. Sauran, zaman tasha ne da jiran aiki da jinya.

Rashin aikin nan ne ya kai shi Afirka. Bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya samu ƙasar Kongo a matsayin mallakarsa shi kaɗai, ba ta gwamnatin ƙasarsa ba, da alkawarin zai hana cinikin bayi ya kawo ci gaba. Conrad ya bi ta hannun 'yan'uwa a Brussels ya samu kwantiragin shekara uku da wani kamfanin Beljiyam, zai tuƙa jirgin kogi. Jirgin da ya kawo shi ya biyo ta Dakar da Konakiri da Grand-Bassam da Kwatano, ya iso Boma a watan Yuni 1890.

Daga Matadi jirgi ba ya wucewa saboda duwatsu da gangaren ruwa, layin dogo kuwa lokacin aka fara shi. Komai a kan mutum ake ɗora shi. Conrad ya taka da ƙafa tare da 'yan dako daga 28 ga Yuni zuwa 2 ga Agusta kafin ya isa Kinshasa, tafiyar kilomita sama da 300. Ya riƙe ɗan littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, kuma littafin yana nan har yau. A ciki akwai gawar mutum a yashe a zango, akwai ƙwarangwal ɗaure a jikin gungume. Da ya isa, sai ya tarar jirgin da aka yi masa alkawari ya lalace. Aka sa shi a wani mai suna Roi des Belges don ya koyi kogin, suka hau har Stanley Falls, wato Kisangani ta yau. A dawowa kyaftin ya kwanta ciwo, shi ya riƙe jirgin na ɗan lokaci. Sun ɗauko wani wakilin kamfani mai suna Klein wanda ba shi da lafiya, ya mutu a hanya.

Bari in ɗan ratse. A satin da jirgin nan ya bar Kinshasa, ranar 5 ga Agusta 1890, Ingila da Faransa suka sa hannu a Landan kan wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Wannan layi shi ne kakan iyakar da kake tsallakawa tsakanin Nijar da Nijeriya, bayan gyare-gyaren da aka yi masa a shekarun da suka biyo. Kuma cikin sojojin farko da Leopold ya ɗauka haya akwai waɗanda aka kwaso daga Ikko da Gwalkwas, takardun Beljiyam na kiran su Hausawa. Ka ga abin bai yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba.

Abin da Conrad ya tarar a Kongo hauren giwa ne. Ana biyan wakilin kamfani kamasho, kuma iya arhar da ya samo hauren, iya yawan kasonsa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san inda irin wannan tsari ke ƙarewa in mai saye na da bindiga mai sayarwa ba shi da ita. Masifar roba da yanke hannuwa, wadda ta fi yin suna, bayan tafiyarsa ta yi ƙamari. Shi dai atini da zazzaɓi suka kwantar da shi, ga rashin jituwa da manajan kamfani, ya bar ƙasar a ƙarshen 1890 bai cika ko shekara ba. Lafiyarsa ba ta sake komawa daidai ba.

Duk wannan yawo akwai wasu takardu a cikin jakarsa. Tun 1889, a wani ɗakin haya a Landan, ya fara rubuta labarin Almayer. Takardun sun je Kongo sun dawo, ya ce saura ƙiris kogi ya cinye su, ya kuma taɓa manta su a tashar jirgin ƙasa ta Berlin. Ya sake yin aiki a jirgin Torrens mai zuwa Ostireliya, sannan a Janairu 1894 ya sauka daga jirginsa na ƙarshe. Wata guda bayan haka kawunsa ya rasu. A 1895 Almayer's Folly ya fito, aka biya shi fam 20. A kansa ne ya fara sa sunan Joseph Conrad.

Kongo ta ba shi labari biyu. Na farko gajere ne, An Outpost of Progress, na 1897: Turawa biyu ragwaye a wani kantin kamfani a bakin kogi, akawunsu ya sayar da ma'aikatan kantin ga masu bindiga a bakin hauren giwa. Suka yi ta Allah wadai, sannan suka taya shi auna hauren. Na biyu shi ne Heart of Darkness, wanda ya fito a mujallar Blackwood's a 1899. Wani matuƙi, Marlow, ya hau kogi don ɗauko Kurtz, wakilin da ya fi kowa tara haure, wanda ya zo da zancen wayar da kan mutane ya ƙare da kafa kawunansu a kan shinge. A lokacin yawancin Turai na yabon Leopold. Roger Casement, wanda Conrad ya zauna da shi a Matadi, sai a 1904 rahotonsa ya fito ya tona asirin, sai kuma 1908 aka karɓe ƙasar daga hannun sarkin. Conrad ya rubuta wa Casement wasiƙar goyon baya, amma bai shiga gwagwarmayar da jikinsa ba.

A watan Fabrairu 1975 Chinua Achebe ya tsaya a wata jami'a a Amherst ta Amurka ya ce marubucin nan mai wariyar launin fata ne. Hujjarsa: a cikin littafin an hana baƙar fata magana, an mai da su hannuwa da idanu da ihu a bakin kogi, an mai da Afirka gaba ɗaya fagen da Bature guda zai haukace a kai. Har yau ana wannan gardama. Ni dai na karanta, kuma ina ganin Achebe ya faɗi gaskiya. Irin abin da ya yi wa alhazan Patna ne ya yi wa mutanen Kongo. Ya ga zaluncin, ya tsane shi, ya faɗa tun kafin faɗar ta zama ado. Amma daga saman jirgi ya gan shi, kuma ciwon wanda ya ci amana ya fi damunsa a kan ciwon wanda aka ci wa. Shaidarsa kamar ta yaron mota ce da ya ga uban gidansa na ha'inci: ka karɓe ta, tana da amfani, sai dai kada ka ce ka ji ta bakin mai kaya. Marubutan Afirka da suka biyo baya su suka kawo wancan bakin. Tayeb Salih na Sudan ma a 1966 juya tafiyar ya yi, ya tura mutumin bakin Nilu zuwa Landan.

Rubutu bai yi masa arziki da wuri ba. Ya auri Jessie George a 1896, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Borys da John. Ya fitar da Nostromo a 1904, labarin ma'adinin azurfa da amintaccen ma'aikacin da a ƙarshe ya ɓoye wa kansa dukiyar da aka ba shi ajiya. Sai The Secret Agent a 1907, da Under Western Eyes a 1911. Masana na yabo, kasuwa na tsaye. Bashi wajen wakilinsa Pinker ya yi masa katutu, ciwon gaɓoɓi na kwantar da shi, a 1910 ma sai da ya yi makonni ba ya cikin hayyacinsa. Gwamnati ta yanka masa fam 100 a shekara don ya rufa asiri. Sai da Chance ya fito, dab da yaƙin duniya na farko, kuɗi suka fara shigowa, littafin da kusan kowa ya yarda bai kai na baya ba. A 1914 ya kai iyalinsa Kraków su ga ƙasarsu, yaƙi ya ɓarke suna can, da ƙyar suka fito ta Vienna da Italiya.

A 1924 Firayim Minista Ramsay MacDonald ya yi masa tayin sarautar Sir, ya ce ya gode, ba ya so. Ranar 3 ga Agusta na wannan shekara zuciyarsa ta tsaya a gidansa da ke Bishopsbourne, yana da shekara 66. Aka kai shi Canterbury aka binne, garin cike da tutoci da 'yan kallon wasan kurket da ake yi a makon. A kan dutsen kabarinsa aka sassaƙa sunansa na gida, Korzeniowski, aka kuma yi kuskure wajen rubuta na tsakiya, Teodor ya koma Teador. Haka yake har yanzu.